Kujerar Uba A Oxford

SHAFI NA 27

Masu cika min waya da "ina shafin yau?", na ji ku. Yatsu goma gare ni kamar kowa, kuma da su nake tuƙa tuwo. Ke kuma da kika rubuto min cewa Malam Jumare dutse ne a ƙirjinsa ba zuciya ba, ki gyara zama, shafin nan naki ne.

Wanda yau ya shigo, ga inda muke. Zinatu 'yar Ardwick ce a Manchester, 'yar farin Malam Jumare da Umma Rabi'a, kuma yau Asabar take karɓar digirinta a Oxford. Tikiti biyu kacal aka ba ta na shiga zauren biki. Ɗaya na Umma ne. Ɗayan kuwa, da ta kira ubanta a waya tana fatan ya ce nasa ne, cewa ya yi, "A ba kawunki, shi ne babba." Ita kuma cikin fushi ta ba kawun.

Bafillatani ne Malam Jumare. Tunda aka haifi yarinyar nan bai taɓa kiran sunanta ba, kuma shekara uku tana Oxford ko sau ɗaya bai kai mata ziyara ba. Mu da muka tashi a gida mun san kunyar ɗan fari. Yarinyar da ta tashi tana ganin iyayen ƙawayenta suna rungume su a bakin makaranta, ina za ta gane?

*

Ƙarfe tara da rabi doguwar motar ta sauke su a tsakiyar gari. Mutum talatin da ɗaya, maza da mata, kowa cikin anko shuɗi mai ratsin zinare. Tun asuba suka bar Ardwick, suka biya Birmingham suka ɗauki Kawu Dokta Maharazu, yayan Umma, babban likitan ƙashi, shi da mutanensa.

Direba ya ce ba a barin mota ta tsaya a nan, sai bakwai na yamma zai dawo. Ya ja ya tafi.

Sai da motar ta sha kwana Anti Celestina ta ɗora hannu a ka. Maƙwabciyarsu ce, 'yar Jos, aminiyar Umma, kuma ita ta kwana biyu tana girkin bikin nan.

"Wayyo Allah na! Maman Zinatu, kulolin! Shinkafa, kaji, zoɓo, duk suna bayan mota!"

Wata 'yar ƙaramar kula ce kawai a hannunta, waina ce a ciki ba ta fi ashirin ba.

Kawu Dokta ya gyara babbar rigarsa.

"Ku kwantar da hankalinku. Na yi booking a wani wuri a bakin kogi. Yau za ku ci abinci da cokali uku."

Ana cikin haka sai ga Zinatu ta ɓullo, farar riga da baƙin siket, baƙar rigar digiri tana kaɗawa a bayanta, hula mai kusurwa huɗu a hannu.

Jama'a, guɗar da Anti Celestina ta saki sai da tattabaru suka tashi. Masu yawon buɗe ido suka bar ɗaukar gini suka juyo da kyamara kan mutanenmu. Umma ta rufe baki da mayafi, hawaye na zuba. Ni kaina da nake ba ku labarin sai da tsigar jikina ta tashi, don 'yar Ardwick ce fa, 'yarmu.

Zinatu ta gaida kowa, sannan ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. An tashi lafiya?"

Da wata hasumiya yake magana, don can idonsa yake. Sai ya juya wajen Umma.

"Ki gaya wa yarinyar nan ƙarfe biyu zan bar ku. Akwai aiki a site."

Zinatu ta miƙe a hankali.

"Yau ma, Baba? Seriously?"

"Aiki ai bai san Asabar ba."

Injiniyan hanya ne shi a da, a council, wato ƙaramar hukumarsu. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka fara sallamar ma'aikata, sunansa ya fito a rukuni na biyu. Wata tara yana zaune a gida. Sati uku bayan tafiyar Zinatu jami'a ya ce ya samu kwangila a kudu, Litinin zuwa Juma'a. Tun daga nan ƙarshen mako kaɗai ake ganinsa a Ardwick.

Zinatu ta juya ta ce, "Ku zo in nuna muku gari. Ƙarfe ɗaya dole in koma college."

*

Ita ce mai gari, amma Kawu Dokta ya karɓe jagoranci tun daga kwanar farko.

Suka iso wani ƙaton gini zagayayye mai tulluwa a kai.

"Wannan coci ne," in ji Kawu. "Ya fi shekara dubu."

"Ɗakin karatu ne," Malam Jumare ya faɗa ƙasa-ƙasa daga baya. "Bai kai ɗari uku ba."

Kawu ya waiwayo.

"Ka taɓa zuwa garin ne, Jumare?"

"A littafi na gani."

Suka wuce ta ƙarƙashin wata 'yar gada da ta haɗa gine-gine biyu ta sama, aka yi hoto har sai da masu keke suka fara danna ƙararrawa. Suka ratsa tsohuwar kasuwa mai rufi, ƙamshin gasasshen burodi ya tuna wa kowa cewa tun shayin asuba bai sa komai a ciki ba. Suka leƙa kogi daga kan gada.

"Kai, duniya!" in ji Anti Celestina. "Duk karatun nan nasu, ashe da gora suke tura kwalekwale kamar masuntan Ibi?"

Daga nan Zinatu ta shigar da su kwalejinta. Tsakar gida ce mai kusurwa huɗu, tsofaffin gine-ginen dutse sun kewaye ta, a tsakiya ga ciyawa shar, an aske ta kamar da reza.

Anti Celestina ta lumshe ido.

"Yauwa, Allah ya kawo mu falo. A zo a raba wainar nan."

Ta zare zani daga jaka, ta kakkaɓe, ta ɗaga ƙafa.

"Kar ki taka!"

Kowa ya firgita. Malam Jumare ne, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Malaman kwalejin kaɗai ke taka ta," ya ce, ya sassauta. "Ko ɗalibi ba ya takawa."

"Ciyawa? Ciyawar da akuya ke ci?"

"Haka ne, Anti," in ji Zinatu. Amma ubanta take kallo. Ita dai ta san ba ta taɓa gaya masa wannan ba, don ba su taɓa hirar da ta kai minti biyu ba.

Za su fita, tsohon maigadin ƙofa mai baƙar hula ya ɗago daga tagarsa ya ɗaga wa Malam Jumare hannu.

"Morning, Jay."

"Baba, ya san ka ne?"

Malam Jumare ya ƙara sauri.

"Bature ne. Duk baƙin mutum kama ɗaya yake yi masa."

*

Sha biyu saura suka isa gidan abincin Kawu na bakin kogi. Wuri ne na gani na faɗa, fararen tebura, agwagi na yawo a ruwa. Yarinyar da ke bakin ƙofa ta duba littafinta, ta ɗago ta dubi tawagar shuɗi, ta sake duba littafin.

Teburin mutum shida Kawu ya kama.

"Yaya!" in ji Umma. "Shida?"

"To ba kujera ba ce? In mun zo ai sai a ƙara. A gida ma da katin mutum ɗari ake ciyar da ɗari biyar."

Ya juya wa yarinyar da Turanci, har da ambaton shi likita ne. Ta yi murmushi ta ba shi haƙuri. Ranar bikin yaye ɗalibai ce, ta ce, tun wata uku kowane tebur na da mai shi.

Suka gwada wani wurin, a cike. Suka gwada na uku, layi har titi. Wainar Anti Celestina tuni ta zama tarihi, kowa rabi ya samu.

Sai Hajiya Maimuna, wata dattijuwa cikin mutanen Birmingham, ta dafa bango.

"Rabi'a, jiri nake ji. Na sha maganin suga tun a mota."

Hannunta na rawa, gumi ya keto mata. Kawu ya kama tsintsiyar hannunta, wannan karon ba da muryar alfahari ba ya ce, "Abinci take bukata, kuma yanzu."

Zinatu ta fara laluben waya, idonta ya ciko. Bikinta ne, garinta ne, ga shi ta rasa inda za ta ciyar da tsohuwa ɗaya.

Malam Jumare ya dubi Hajiya Maimuna. Ya dubi ƙasa.

"Ku biyo ni," ya ce.

Bai tambayi kowa hanya ba, bai duba waya ba. Ya yanka ta wani lungu da ko Zinatu ba ta san yana ɓullewa ba, ya sha kwana, ya sake shan wata, yana waiwayen Hajiya da maza biyu suka riƙe. Sai ga su a bayan kwalejin Zinatu, a ɗan titin da take bi da kekenta ja kullum.

Akwai gidan abincin wani Balarabe a titin, na halal, ƙofarsa ta gilashi tana kallon hanya.

To a nan ne ƙafa ta ci amanar mai ita.

Hankalinsa na kan tsohuwa, Malam Jumare ya wuce ƙofar gilashin ko kallonta bai yi ba. Ya kutsa ta gefen ginin, ya sauka matakala biyar, ya ratsa tsakanin manyan kwandunan shara, mutum talatin cikin anko suna biye da shi suna ɗage riguna. Ya tsaya gaban wata ƙofar ƙarfe. Yatsansa ya danna lambobi huɗu.

Ƙofa ta yi ƙit, ta buɗe.

Sai a lokacin ya farga. Hannunsa ya tsaya a sama, ya kasa sauke shi.

"Malam," in ji Umma a hankali. "Ina ka san lambar ƙofar mutane?"

Kafin ya buɗe baki, wani ƙaton mutum mai farar hular kuku ya leƙo daga cikin tururi, ludayi a hannu, ya kwaɗa kira da Hausar Jos.

"Injiniya! Ka yi sammako fa, shift naka ai sai biyu. Amma gara da ka zo, tukwane sun taru tun..."

Ya hango jama'a, maganar ta maƙale. Idonsa ya bi shuɗin nan har ya faɗa kan Zinatu da baƙar rigarta.

Ya saki ludayin.

"Ita ce! Mai jan keke! Kai, Injiniya, yau ka kawo ta da kanka?"

*

Davou sunansa, shi ne babban kuku. Allah ya saka masa, da ya ga halin Hajiya Maimuna bai tsaya tambaya ba. Ya sa aka buɗe ɗakin sama na taro, aka haura da jama'a, aka fara kai mata shayi mai suga da shinkafa.

Mutum biyar suka ƙi haurawa. Umma, Zinatu, Kawu Dokta, Malam Jumare da ya jingina da bango kamar wanda aka kama da akuyar mutane, sai Anti Celestina wadda ko da bulala ba za ta bar wurin ba.

"Bawan Allah," in ji Umma, "ina ka san mijina?"

Davou ya dubi Malam Jumare. Malam Jumare ya girgiza masa kai.

"A'a, Injiniya. Shekara uku ina riƙe maka, yau kam bakina ya gaji. Madam, nan yake aiki. Ga wurinsa can."

Ya nuna wani dogon wurin wanke-wanke na ƙarfe a ƙuryar kicin, tukwane jibge a kai. A ƙusa ga wata rigar leda a rataye, an rubuta J a ƙirjinta.

"Wanke-wanke?" Kawu Dokta ya faɗa kamar kalmar na da ɗaci. "Jumare, da digirinka biyu?"

"Ina site ɗin?" in ji Umma.

Malam Jumare ya kau da kai.

"Malam, ina kwangilar?"

"Babu," ya ce. "Ba a taɓa yi ba."

Zinatu ta matso.

"Shekara uku kana nan? Nan, bayan college ɗina? Minti ɗaya tsakaninmu, kuma ba ka taɓa... Baba, na yi kuka a ɗakin can. First year duk iyaye suna zuwa. Ni cewa nake babana yana busy."

"'Yata, zo ki ga wani abu," in ji Davou.

Ya ja ta zuwa wurin wanke-wanken. Kicin ɗin a ƙarƙashin ƙasa yake. Can sama, dab da rufi, akwai wata 'yar siririyar taga daidai da daɓen titi. Ba a ganin komai ta cikinta sai takalma da tayoyin keke suna wucewa.

"Kullum tara saura minti ashirin yake kashe famfo. Ko oga na tsaye a kansa sai ya kashe. Ya tsaya nan har jan keke ya wuce, sannan ya kunna. Ranar da keken bai wuce ba, ranar babu mai zaman lafiya a kicin ɗin nan."

Zinatu ta dafa ƙarfen.

"Birkinki ya taɓa lalacewa?" in ji Davou.

"Sau biyu. Na dawo daga lecture na tarar an gyara. Na ɗauka college ke gyarawa."

Davou ya tuntsire da dariya.

"College! Ga college ɗin nan tsaye. Da sifana a aljihu yake fita hutun rabin awa."

"Amma na taɓa cin abinci a nan. Ni da friends ɗina, sau biyu."

"Mun sani. Ɗakin sanyi ya shige inda muke ajiye nama, minti arba'in. Ya fito yana atishawa, abin da ya fara tambaya shi ne ko kin cinye."

Anti Celestina ta zauna a kan buhun albasa tana share ido da zanin da aka hana ta shimfiɗawa.

"Sai lokacin sanyin shekara ta biyu," Davou ya ci gaba. "Kwana uku keke bai wuce ba. Ya je ya tambayi maigadinku, aka ce mura ta kwantar da ke. Ya roƙe ni murhu ɗaya. Da kansa ya je kasuwa ya sayo kayan ciki da citta. Kwana biyar yana kai kula bakin ƙofa, ya ce kar a faɗi wanda ya kawo."

Zinatu ta juyo a hankali. Ba ubanta ta duba ba.

"Kawu. Farfesun nan. Na kira ka na yi maka godiya."

Kawu Dokta ya taɓa hularsa.

"To... kin kira."

"Ka ce min ba komai, ai yi wa kai ne."

"Na ɗauka ko matata ce ta aika."

"Daga Birmingham, Yaya?" in ji Umma. "Da zafinsa?"

Ban taɓa ganin babbar riga ta yi wa mutum yawa irin na wannan lokacin ba.

Zinatu ta tako har gaban ubanta.

"Why, Baba? Me ya sa?"

Bai dube ta ba. Tukwane ya duba, kuma da Umma ya yi maganar, yadda ya saba.

"Wata tara ina neman aiki, Rabi'a, kin sani. Kowa cewa yake an rage ma'aikata. Ranar da muka sa ta a mota, na dawo gida na kasa zama. Yarinyar da ba ta taɓa kwana a gidan wani ba. Na ce in dai wanke tukunya ne ya rage min a ƙasar nan, to gara in wanke a inda zan riƙa ganin ta wuce."

"Ka fito mana!" Zinatu ta fashe. "Sau ɗaya! Ka ɗaga min hannu!"

"Tana tafiya da 'ya'yan manya. In fito da rigar leda in ce me?"

"Ka ce kai ne babana! That's all! Ka ɗauka kunyarka zan ji? Da na ja ka har gaban kowa a college ɗin nan!"

Ya kafe ido a kan tukwanen.

"Shi ya sa ka ce a ba Kawu tikitin?" in ji Zinatu.

"Wurin manya ne. Kuma layin ɗaliban ta titin nan yake bi zuwa zauren. Na ga na bara, na ga na bara waccan. Daga nan ma ana gani. Shi ya sa na karɓi aikin yau."

Ta ɗaga kai ta dubi 'yar tagar.

"Ƙafafu kawai ake gani, Baba."

"Na san nata," ya ce.

Ku gafarce ni, a nan sai da na ajiye waya na je na wanke fuska. Ke mai cewa dutse, kina nan?

Wata ƙararrawa ta buga a can cikin gari. Ɗaya saura kwata.

Zinatu ta juya wajen Kawu, ta buɗe baki. Umma ta harare ta, harara ɗaya. Ko a Manchester aka haifi yarinya, ta san ba a ba babba abu a ce ya dawo da shi. Ta rufe bakin, hawaye na zuba kan farar rigarta.

"Ki gaya mata ta tafi, za ta makara," in ji Malam Jumare. Ya miƙa hannu zai ciro rigar ledar daga ƙusa.

Wani hannu ya riga shi.

Kawu Dokta ne.

Ya cire hula ya miƙa wa Anti Celestina. Ya tuɓe babbar riga, ya ninke, ya ɗora mata a cinya. Ya kwance agogo. Ya zura rigar ledar, da ƙyar igiyar ta zagaye tumbinsa.

"Yaya Dokta, me kake yi?" in ji Malam Jumare.

"Shekara ɗaya da rabi ina shan godiyar farfesun da ban dafa ba. Yau zan wanke tukunyarsa."

Ya zaro tikitin daga aljihu, ya kama hannun Malam Jumare, ya danna masa a tafi, ya naɗe yatsun a kai da ƙarfi.

"Ni na san wurin manya, Jumare, kullum ina ciki. Kujerar nan ta uba ce. Kuma in ana neman babba a kicin ɗin nan, ba ni ba ne."

"Ba za a yi haka ba. Likita guda..."

"Oga Dokta," Davou ya sa baki, "yau fa muna da cikowa. Tukwanen nan ba wasa ba ne, sai shida na yamma."

Kawu ya naɗe hannun riga har gwiwa.

"Shekara ashirin da biyar ina wanke hannu kafin in shiga tiyata. Nuna min soso."

Davou ya miƙa masa soson ƙarfe, yana washe baki.

"A nan ni ne consultant fa, ranka ya daɗe. Ka fara da ta shinkafa, ta kama."

Anti Celestina ta miƙe da babbar riga a hannu ta saki wata guɗar, wannan ta fi ta safe. Mutanen sama suka ji, ba su san dalili ba, suka amsa.

Malam Jumare na tsaye, tikiti a dunƙule a hannunsa. Zinatu ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen daɓen kicin, da rigar digirinta da komai.

"Baba, in ba ka shiga ba, wallahi ni ma ba zan shiga ba. Su aiko min da shi ta post."

Karo na farko a gaban mutane, ya sauke ido ya dubi fuskar 'yarsa sosai.

"Tashi," ya ce. "Za ki ɓata rigar. Mu je."

Ta miƙe tana dariya tana kuka, ta haura matakalar da gudu.

Ya juya zai bi ta, sai ya ga Umma Rabi'a tsaye a bakin ƙofar ƙarfen. Ta gyara mayafinta tsaf, ta ciro nata tikitin daga jaka, ta ɗora kusa da nasa ta duba lambobin.

"Kujerarmu a jere take, Malam."

"Haka ne."

"Na yi alfahari da kai yau, Allah ya sani. Ba zan ɓoye ba."

Ya sunkuyar da kai.

"An ce awa biyu ake bikin, da wani tsohon yare da ba mai ji. Ba fita, ba tashi." Ta matsa ta ba shi hanya. "Wuce mu je. Davou ya faɗi inda kake wuni. Kai za ka faɗa min inda kake kwana shekara uku."